Ranar da Ghali Ya Yi Ta Kiran Aliya a Lasifika

Duk Bahaushen da ke zuwa shan shayi a unguwar Batha ta birnin Riyadh bayan sallar Juma'a ya san Ghali Lasifika. Sunan ya samo asali ne daga wata Lahadi, ranar da ake fara mako a Riyadh. A makarantar 'yan mata namiji ba ya wuce ƙofa. In an tashi, uba zai ɗauki abin magana da ke tagar maigadi, ya kira sunan 'yarsa, ta ji daga ciki ta fito. Ghali ya iso da rigar aikinsa, ya kira Aliya sau ɗaya, sau uku, sau goma. Shiru. Yara suka watse, motoci suka ragu. Ya bar Larabci ya koma Hausa, har da "Aliya, Babanki ne fa!" kamar akwai wanda ke gardamar haka. Maigadi, wani dattijo ɗan Sudan, ya buga wa malamai waya, aka duba ajujuwa har banɗaki. Ana shirin kiran 'yan sanda sai wata malama ta aiko da saƙo: yarinya ta tafi tun ɗazu a farar motar da ubanta da kansa ya sa hannu ranar Alhamis cewa ita za ta riƙa ɗaukarta.

Ghali mutumin Gombe ne, gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a wani kamfani, aikin da ba ya yankewa a garin da zafi ke iya dafa ƙwai a kan mota. Matarsa Hajar ta rasu Aliya tana aji ɗaya. Tun ba a share makoki ba yayarsa ta fara kira daga gida: "Ghali, namiji ba ya riƙon 'ya mace shi kaɗai. Turo ta." Yakan ce, "To Yaya, ina dubawa." Wanda ya san Ghali ya san iyakar ƙin da ya iya ke nan.

Matsalar ta agogo ce. Shi ƙarfe shida yake fara aiki, ƙofar makaranta ba ta buɗewa sai shida da rabi. Ana tashin yara sha biyu da rabi, shi sai biyar. Wata takwas ya yi yana satar hanya. Da safe ya zaunar da ita gaban motar kamfani, da kitson da ya koya a waya, tsagar ta karkace kamar lungunan Batha. Da rana ya sulale ya ɗauko ta, ta yi aikin gida cikin mota tsakanin sukundireba da tulun gas, shi kuma yana saman rufin mutane yana leƙo ta. Ranar da mudir, wato shugaban aikinsu, ya gano, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ya Ghali, wata ɗaya na ba ka." Takardar zaman Ghali a ƙasar a jikin aikin nan take rataye, ta Aliya kuma a jikin tasa. Ko dai ya samo mai riƙe ta safe da yamma, ko ya saya mata tikitin Gombe.

Ya fara da gidajen renon yara na unguwar Malaz. Tsaf-tsaf suke, ga lilo, ga ƙamshi, sai dai farashin ya sa ya yi musu godiya sau biyu ya fita da baya. Ya tuna maƙwabta. Shekara uku yana zaune a bene ɗaya da su, ya san ƙarar esin kowane gida, har ya san wanda ke gab da mutuwa, amma bai san sunan mutum ɗaya ba. Wata 'yar Masar a hawa na biyu ta yarda, ta bayan ƙofa, amma ta ce ba ta tashi kafin tara. Ya rubuta a zauren wayarmu na 'yan gida. Muka aika masa addu'o'i kusan arba'in, da tallan turare guda ɗaya.

Saura kwana shida wa'adi ya cika, aka tura shi gyara wani gida a unguwar Naseem. Yana kwance murfin esi sai ya ji murya da Hausa daga ɗaki: "Kai, ku sauka daga kan kujerar nan kafin in zo!" Ya ce mana har sukundireba sai da ta faɗi daga hannunsa. Inna Hansai ce, tsohuwa 'yar Katsina, shekara talatin a garin, tana riƙe yaran mutane biyar, surukinta kuma yana kai su makaranta yana dawo da su a farar motarsa. Ghali ya tsaya a bakin ƙofa ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa.

"Ɗan nan, nawa za ka iya?"

Ya faɗa, yana jin kunya.

"Ya yi. Amma esin nan, kada in sake jin ya yi tari."

Haka Aliya ta zauna a Riyadh. Yanzu yana sauke ta bayan asuba tana gyangyaɗi, ya ɗauko ta bayan magariba ta ci tuwo ta ƙoshi. Kitsonta ya miƙe. Hausarta da ta fara gudu ta dawo, har ranar nan ta ce masa, "Ɗan nan, ka wanke hannu." Yaya ta rage kira. Shi kuwa, sha biyu da rabi in ta yi, yana saman wani rufi da burodi da madarar gwangwani, yana kallon motocin iyaye sun yi layi a ƙasa.

Juma'ar da ta wuce, Sha'aban tela ya sake tayar da maganar ranar lasifikar, yana zuba masa shayi.

"Malam Ghali, don Allah mutum ya biya kuɗin mota da hannunsa, kuma ya je ya tayar da hankalin makaranta guda? Ko gwajin murya kake yi za ka koma ladanci?"

Muka yi dariya, shi ma ya taya mu. Sannan ya ajiye kofin.

"Na manta ɗin, ban musa ba, ƙafa ce ta kai ni. Amma Sha'aban, duk garin nan wuni nake ina cewa 'na'am, mudir' ƙasa-ƙasa. Wurin nan ne kaɗai nake ɗaga murya in kira wani nawa, kuma a fito."