Ƙasar da Muka Juye daga Tukunyar Madam Helen

Ko shekara nawa zan ƙara a aikin shuke-shuke, ban jin zan manta da ranar da muka sauya wa tsiron Madam Helen ƙasa. Ku da kuka shigo kwanan nan, ku saurara, don irin wannan ba a koyar da shi a makon horo.

Lokacin ina matsayin mai kula, wato wanda ke bin gidaje da ofisoshin da suka yi kwangila da kamfaninmu yana ba da ruwa, yana goge ganye, yana duba ƙwari. Sama da ni akwai foman, wani ɗan Indiya, shi ke ba da izinin duk abin da ya wuce ban ruwa. Abokin zagayena Bulus ne, mutumin Kafanchan, shi ke jan mota.

Madam Helen tsohuwa ce Ba'amurkiya, ta yi koyarwa a Dubai har ta yi ritaya, tana zaune a wani flat a Jumeirah ita da 'yar aikinta. Tukwanenta da yawa, amma ɗaya ce ranta. Tsiron ciki Turawa na kiransa ebony spleenwort, mu kuwa Baƙin-kara muke ce masa, don kararsa baƙa ce wuluk mai sheƙi kamar icen kanya, ganyen kuma a jere gefe da gefe kamar na tsamiya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Ɗigo-ɗigon da ke bayan ganyensa irinsa ne, kada wani ya ɗauka cuta ce ya fesa magani. A ƙasarsu cikin tsagar duwatsu yake fitowa, saboda haka yana son haske ba rana ba, yana son ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ke wucewa. Idan ka cika masa ruwa gindin ya ruɓe, idan ka sa shi a bakin AC ya bushe. Ta taɓa gaya mini marigayi mijinta ne ya zo da shi daga katangar dutse ta gonar mahaifinsa.

Cikin wani watan Yuli aka kwantar da ita asibiti don aikin gwiwa. Da muka je zagaye, 'yar aikin ta buɗe mana. Tsiron dama ya jima yana ja baya, amma ranar na tarar bakin ganyen ya ƙone, wani farin gishiri ya fito a saman ƙasar. Na ɗauki hoto na tura wa foman.

Ya kira ni ya ce, "Gishiri ne ya taru. Sauya ƙasar, khalas, shi ke nan. Madam ta dawo ta ga mun kyauta."

Ƙa'ida ke nan, kuma ni ma abin da na gani ke nan. Muka shimfiɗa leda a baranda. Na cire safar hannu, don saiwar Baƙin-kara siririya ce kamar gashi, sai da yatsa kake jin ta. Ƙasar ta fito fari-fari, da wasu ƙananan gutsattsari masu kaushi. Na ce a raina tsakuwar farar ƙasa ce, ai tsiron na sonta. Na murmushe ta sosai, na wanke saiwar, na dasa shi a sabuwar ƙasa. Tsohuwar muka zuba a baƙar leda, Bulus ya ƙulle. Da azahar muka jefa ledojin ranar a babban kwandon shara na lambun kamfani a Warsan, muka wuce unguwar Naif muka ci tuwo.

Muna wanke hannu foman ya kira.

"An sallamo Madam. Yalla, maza ku koma yanzu. Kuka take yi, na kasa gane abin da take faɗa."

Muka same ta a falo, tana dafe da ƙarfen tafiya, ta ƙi zama. Ba ta kalli tsiron ba. Ni ta kalla, ta ce da Turanci, "Lawal, ina Walter?"

Na ɗauka maganin asibiti ne bai sake ta ba. Na nuna tukunyar na ce, "Ga shi nan, Madam, lafiyarsa lau."

"Ba tsiron ba. Ƙasar. Mijina yana cikin ƙasar nan."

Na juya wajen Bulus ko ya ji abin da ban ji ba. Ta ci gaba a hankali, kamar mai yi wa ɗalibai bayani. Da Walter ya rasu, ƙone gawarsa aka yi a wajen Jebel Ali, bisa wasiyyarsa. Rabin tokar ta aika wa 'ya'yansu. Rabin ta gauraya da ƙasar tsironsa da hannunta.

Bulus ya ce, "Yesu!" ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Ni kuwa innalillahi ce ta fito mini ba tare da na sani ba. Na dubi hannuna. Akwai sauran fari a ƙarƙashin farcena. Gutsattsarin nan da na murmushe ƙashin mutum ne, kuma da hannun nan na ci tuwo. Sai a lokacin na gane abin da ya sa duk safiya take cewa, "Ina kwana, Walter," ni kuwa ina zaton sunan da ta raɗa wa tsiron ne. A garinmu Kura, ko tsohon kabari ruwa ya tone, sai an tara dattawa an rufe shi da addu'a. Ga ni na ƙulle mutum a leda na jefa a shara.

Bulus ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce, "Malam Lawal, motar kwashe shara da la'asar take zuwa. Tashi."

Ban san yadda muka isa Warsan ba. Motar sharar ta riga mu, har ta saƙala ƙugiyarta. Bulus ya diro yana ɗaga hannu yana ihu da Larabci a dakata, "Shwaiya! Shwaiya!" Direban ya ce sauri yake yi. Bulus ya ce masa akwai mutum a ciki. Nan take ya kashe injin.

Muka hau kwandon cikin zafin nan da kuka sani, ƙarfen ba ya taɓuwa. Ledoji ne baƙaƙe iri ɗaya, na duk motocin kamfani. Muna kwancewa muna dubawa, ruɓaɓɓen ganye, matattun furanni, ƙasa baƙa. Direban ma ya sauko ya kama mana. Can ƙasa Bulus ya gane ƙullinsa. Na buɗe, ga farin nan.

Na nufi bayan motarmu da ledar, wajen su shebur. Bulus ya ce, "Haba, Malam. Ba a nan ba." Ya ciro sabon farin ƙyalle cikin waɗanda muke goge ganye da su, muka naɗe ledar, na rungume ta a cinyata. Bulus ya cire hularsa ya ajiye. Mutumin da foman ke yi wa faɗa kullum kan gudu, ranar a hankali ya tuƙa har Jumeirah.

Madam ta karɓa ta ɗora a kan kujera kusa da ita, ta dafa ƙyallen. Da ta natsu ta ce a mayar da tsiron ciki. Nan na tsaya. Na ce, "Madam, zan yi idan kin ce. Amma tokar tana da gishiri, ita ke ƙona saiwar. Idan ya koma, ba zai kai lokacin sanyi ba."

Sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye, ta ce, "Yana da rai ma haka yake, kulawarsa ce ke kashe shuka."

Muka nemo tukunya mai kyau marar huji, muka juye ƙasar a ciki har abin da ya maƙale a leda, muka rufe da fararen duwatsu. Baƙin-kara muka ajiye a gefenta, a sabuwar ƙasarsa. Kafin sanyi ya shigo ya fitar da sababbin ganye, suna warwarewa daga naɗinsu. Ni kuwa na daɗe ban iya cin abinci da hannu ba, sai da cokali.

Ba wanda aka hukunta, don ba wanda ya karya ƙa'ida. Ƙa'idar ce ba ta san da wannan ba. Garin nan kusan kowa baƙo ne, kuma wanda ba shi da taƙi ɗaya na ƙasa, a tukunya yake ajiye abin da ba zai iya rabuwa da shi ba. Tun daga ranar, ko foman ya ba da izini, ba na juye tukunyar kowa sai na tambayi mai ita. Wata ta ce mini ƙasar ƙofar gidan mahaifiyarta ce. Wani ya ce cibiyar 'yarsa ce a ciki. Yawanci dariya suke yi su ce ƙasa ce kawai. Ku bar su su yi dariyar, amma ku tambaya.