Gafiyar da ta shiga tsakanina da Goggo

Ni mai ƙuli-ƙuli ce. A ƙauyenmu da ke gefen Kwaya, in ka ji ƙamshin suyar gyaɗa tun hantsi, to daga gidana ne. Ranar kasuwar Sassumbrum maigida kan ɗaura mini bidon mai, wato jarka, da kwandon ƙuli a bayan moto, babur ke nan, mu tafi. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ina da baki. Kowa ya sani, ni ma na sani, sai dai a da ina ganin abin yabo ne.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta goye ni bayan rasuwar innata, ita ta wanke ni ta kai ni ɗakin miji. Da mijinta ya rasu, ni da bakina na roƙe ta ta dawo wurina, duk da tana da ɗa namiji a wajen Dogo-Dogo. Ta zo, ta kama aikin ɓarar gyaɗa ba wanda ya sa ta. Kullum tana gindin bishiyar bedi da faifai a cinya, yatsunta na ƙas-ƙas-ƙas, tana yi wa yarana tsiya wai hancinsu irin na ubansu ne.

A bazarar da nake ba da labari, gyaɗa ta fara raguwa. Da la'asar in auna ɓararriya da tiya, in juye a masaki, in rufe da faifai, in ja ɗakin ajiya in sa kwaɗo. Da safe in tarar faifan ya ɗan goce, gyaɗa ta sauka. Ran farko na ce idona ne. Ran nan na shata da gawayi a cikin masakin, washegari na ga ta sauka ƙasa da shatar da yatsa biyu.

Na san ɓarnar ɓera sarai. Ɓera a nan yake ci, ya gutsura wannan ya bar wancan, ya watsa jar fatar gyaɗa, ya bar miki kashinsa shaida. Wannan kuwa tsaf. Ko ɓurɓushi babu, kamar an sa hannu an ɗiba. Makullin ɗakin nan biyu ne, ɗaya a haɓar zanena, ɗaya wurin Goggo don ita ke shara. Na kwana biyu ina cin abin a raina, ina kallonta tana raba wa yaran maƙwabta soyayyar gyaɗa, ina cewa a zuci, ashe daga nan kyautar take fitowa.

Ranar da abin ya fashe, ina tsaye bakin ɗakin da masaki a hannu, ina ta sababi ni kaɗai. Goggo ta leƙo ta duba, ta shinshina ɗakin, ta ce, "'Yar nan, wannan aikin gafiya ne. Ita ba ta ci a wurin, kwashewa take."

Na ce, "Gafiya? Ina ramin? Ni da ke muka share ɗakin nan jiya."

Ta ce, "A dai duba."

Sai na ji bakina ya ce, "Eh, gafiya ce mana, Goggo. Gafiya mai ƙafa biyu, mai riƙe da makulli."

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Akwai mata biyu a tsakar gida sun zo sayen mai, duk sun ji. Goggo ta kwance makullin ta ajiye a kan turmi, ta koma gindin bedi ta ƙarasa ɓarar da ke gabanta. Bayan kwana uku ɗanta ya zo da moto, wai matarsa ta kusa haihuwa ana bukatar Goggo. Kowa ya san ba wannan ba ne. Maigida ya yi mini faɗa, ni kuwa na cije na ce ai ban kama suna ba.

Abin da ya fara kashe mini jiki shi ne, Goggo ta tafi, gyaɗa ba ta daina raguwa ba. Na rasa wanda zan gaya wa. Na dinga juye ta a tukunyar ƙarfe ina ɗora dutse a kan murfi.

Da damina ta sauka, aka yi wani ruwa mai yawa. Da safe jakinmu na wucewa ta bayan ɗakin ajiya, ƙafarsa ta burma har gwiwa. Maigida ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Tsohon ya durƙusa ya sa hanci, ya ce, "Malam, ɗauko hauya, kana da baƙuwa." Ya shiga ɗakin kai tsaye ya ce a ɗaga tsohuwar randar da ke lungu, wadda ko shara ba ma motsa ta. Ga bakin rami a bayanta an toshe da ƙasa, ya sa yatsa ya tura, ta faɗa ciki. Ya ce haka gafiya take, in ta shige gida takan ja ƙasa ta rufe ƙofa.

Suka bi ramin suna tono, ni ina tsaye riƙe da haɓa. Ashe gida ne guda a ƙarƙashin gidana. Hanya ta bi ta ƙasan danga ta ɓulla can cikin gona a gindin wani kalgo. Ga ɗakin kwana an shimfiɗe shi da busasshiyar ciyawa da tsummokara. Ga wani lungu daban da take kewayawa, tsohon ya ce ita ba ta ɓata wurin kwananta, ta fi wasu mutane tsabta. Sai ga rumbunta. Gyaɗata ce jibge, wata ta yi funfuna, wata har ta fara tsiro saboda laima. A ciki akwai ƙwallon aduwa, da ƙwallon dabino, da guntun sabulu, da ƙaramin cokalin da na daki autana a kansa. Tsohon ya ce ba yunwa ke sa ta ba, tarawa ce halinta. Tana da aljihu a kumatu biyu, ta cika su dam, ta je ta zazzage ta dawo, haka har gari ya waye. Idonta ba shi da ƙarfi, hanci ne jagoranta.

Suna cikin haka sai ga ta ta fito. Kai! Ta kusa kai ƙaramar mage, toka-toka, kunnuwa tsirara, doguwar wutsiya rabinta fari kamar an tsoma a gari. Kumatunta a kumbure, ko a wannan tashin hankali ba ta zubar ba. Hasken rana ya ruɗa ta, ta tsaya tana rawar jiki, gashin bakinta na motsi. A bayanta cikin ciyawa ga 'ya'ya uku, ko ido ba su buɗe ba. Maigida ya ɗaga hauya. Na ce, "Don Allah bar ta." Ya dube ni da mamaki, don ya san ni da gyaɗata. Ni kuwa tausayi ne ya kama ni, da kunya. Ita dai abincin 'ya'yanta ta tara yadda aka halicce ta, ba ta yi wa kowa ƙazafi ba. Ta zura a guje ta nufi kalgo. Tsohon ya kwashe 'ya'yan a sakaina ya kai mata bakin ɗaya ƙofar. Ko ta dawo ta ɗauke su, ban sani ba.

Ban tsaya kiran salula ba. Washegari na sa maigida ya kai ni Dogo-Dogo, moto na ta kafewa cikin jiƙaƙƙen rairayi, muna sauka muna turawa. Na tarar da Goggo a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa, na faɗa mata komai tun daga ƙafar jaki, ina kuka har da majina. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Tashi, 'yar nan, na yafe miki tun a hanya." Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama mini fura. Na ce ta zo mu koma. Ta ce a bari sai an yi girbi. Na dawo gida raina fari tas, ina cewa magana ta wuce.

Bayan girbi ta zo, amma da ziyara. Kwananta biyar. Ta yi wasa da yara, ta ci ta sha, ta zauna gindin bedi. Na miƙa mata makulli ta ce hannunta ya tsufa, kwaɗo na ba ta wuya. Ko inuwar ɗakin ajiya ba ta taka ba.

Ranar komawa, ɗanta ya tayar da moto a ƙofar gida yana jira. Goggo ta fito da ƙunshin kayanta, ta durƙusa a kan tabarma a gabana, ta kwance shi. Ta ɗaga zannuwanta biyu ta kakkaɓe, ta ajiye carbi gefe, da ɗan gwangwanin man zafi, ta juya mayafin ƙunshin ciki da bai. Ba fushi a fuskarta ko kaɗan, da fushin ne ma da na ji sauƙi.

Na ce, "Goggo, mene ne haka? Don girman Allah ki bari."

Ta ce, "Ki dai duba, 'yar nan. Na fi son in tafi hankalinki kwance."

Sau huɗu ta sake zuwa gidana kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba zuwan da ba ta kwance ƙunshin nan a gabana ba.