Butar Hanci da Turaren 'Yar Fari

Ni hanci na gada a gidanmu. Wasu an bar musu gona, wasu keken ɗinki, ni kuwa mahaifiyata ta bar mini haɗin turaren wuta da humra, kuma ba ta bar mini ma'auni ko ɗaya ba. Sai dai in tsaya a kan tukunya in shaƙa, in san ko sandal ya yi yawa, ko sukari ya kusa ƙonewa. Da haka matan unguwarmu ta Hashimi suka san ni, har daga Abuja ana aiko mini.

Amma hancin nan yana da lokacin da yake juya mini baya. Duk ƙarshen damina, idan ciyayi suka yi fure, sai atishawa ta kama ni tun daga asuba. Idanu su yi ja, hanci ya toshe, in koma numfashi ta baki. Ko albasa aka soya a gabana ba na ji. Na saba, ina rufe tukwanena in jira abin ya wuce.

To, a daidai wannan lokacin ne iyaye maza suka sa ranar auren 'yata ta fari. Su ina ruwansu da hancina?

Wanda ya san al'adarmu ya san abin da ke tsakanin uwa da 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ko ranar da ta gama makaranta sai dai na kau da kai na ce madalla. Ranar kai amarya ma ba zan raka ta ba, gwaggwanninta ne za su tafi da ita. Abu ɗaya da kunya ta bar mini shi ne turaren da za ta shiga ɗakinta da shi. Na yi wa 'ya'yan mutane ba iyaka, kullum ina cewa a raina nata na nan zuwa, kuma nata zai fi na kowa.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi sirace da ganyen darbejiya har fuskata ta dahu. Na sha citta da kanumfari da lemun tsami. Ƙwayoyin da na karɓo a asibiti sun rage atishawar, amma sai in wuni ina gyangyaɗi, hancin kuma yana nan a rufe. Sai ga rasuwa ta kai mu Izom, mota ta ratsa da mu ta cikin gonaki da dogayen ciyayi, na dawo gida abin ya ninku.

Yayata ta zo duba kayan ɗaki, ta tarar da ni da hankici a hannu.

“Ke dai ki haƙura,” in ji ta. “Akwai wata mata a unguwar Wambai, tana yin mai kyau. Mu sayo a zuba a kwalabenki, wa zai sani?”

“Ni zan sani, Yaya.”

“To ki zauna da taurin kanki, yarinya ta tafi ɗaki ba ƙamshi.”

Na ji zafin maganar nan har cikin raina, don na san gaskiya ta faɗa. Bayan ta tafi na zauna a bakin rijiya na yi kuka, rabi na mura, rabi na baƙin ciki.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malama, tsohuwar malamar firamare, Kirista ce 'yar Filato. Mun daɗe muna miƙa wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Atishawata kuwa ba ta ɓuya a bayan katanga. Da hantsi sai ga ta ta shigo, riƙe da wata 'yar buta ta tangaran wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba, mai siririn baki.

“Hajiya, wannan atishawa naki ya hana mijina karanta jarida,” ta ce. “Abeg, ɗora ruwa a wuta.”

Ta ba ni labari cewa lokacin da ta raka maigidanta Indiya aikin gwiwa, matar da ta ba su masauki ce ta koya mata. Cikin maganin gargajiyarsu ne, wai shi Ayurbeda. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a sa gishiri kaɗan, a zuba ta ƙofar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar. Daga baya a ɗiga man riɗi mai ɗumi.

Dariya ta kama ni. “Haba Malama! Ni za a koya wa sa ruwa a hanci? Tun ina 'yar ƙarama nake alwala.”

Na karɓi butar da isa, na kafa bakinta a hancina, na rufe baki, na ja ruwan sama da ƙarfi yadda na saba in zan yi salla, har ma na ƙara. Wayyo Allah! Ruwan gishiri ya haura mini har tsakar ka, ya gangaro maƙogwaro. Na ƙware, na yi tari har ɗankwalina ya faɗi. Malama ta riƙe ciki tana dariya, hawaye na zuba.

“Ba alwala ba ne, Hajiya! Kar ki ja. Sunkuya, karkata kai, buɗe baki ki yi numfashi ta nan. Ki bar ruwan ya yi tafiyarsa.”

Abin da ya fi ba ni wuya ke nan. Hancin da ya shekara da shekaru yana jan ruwa da zarar ya ji sanyinsa, yanzu a ce ya tsaya cik. Na sake ja, na sake ƙwarewa. Na ce mata ta ɗauki butarta, Indiyawan nan ba su ƙaunata. Ta ce ba inda za ta, ta koyar da yaran da suka fi ni gardama. Ta dafa ƙeyata, ta ce in ce “aaa” kamar a gaban likita. Ina cikin cewa “aaa” ɗin nan sai na ga ruwa na tsiyaya ta ɗaya ƙofar, siriri, yana sauka a kwano. Abin da ya biyo bayansa ba zan faɗa ba, don wani na iya karanta wannan yana cin abinci.

Ta kwantar da ni a tabarma, ta ɗiga mini man riɗin, ta ja mini kunne: ruwan da aka tafasa kawai, kuma a wanke butar a shanya ta.

Ba ranar hancin ya buɗe ba. Safe da yamma nake yi, maigida yana wucewa yana tambaya ko sabuwar alwala aka sauko da ita. Atishawa ta ragu, numfashi ya dawo, amma ƙamshi shiru. Biki kuwa yana ta matsowa. Da na ga haka sai na ce a fara aikin, ko da ido ne. Na jiƙa kayan haɗin, su hawi da kajiji, na sa Yaya ta wanke farce ta soya. Farce shi ne wani ɓawon halittar ruwa da ke riƙe ƙamshin turare ya daɗe a jikin kaya, amma in bai wanku ba, bai soyu ba, ƙarninsa sai ya lalata tukunya guda.

Yaya ta daka shi, ta ɗauko za ta juye a cikin haɗin. Ina zaune nesa kaɗan, na gama wanke hanci ke nan, sai wani abu ya daki fuskata, kamar an wuce da busasshen kifi.

“Yaya, tsaya! Farcen nan bai soyu ba.”

“Ya soyu mana. Ke da ba kya ji?”

“Wallahi ina jin ƙarninsa daga nan!”

Ta kai hancinta, ta yamutsa fuska, ta dube ni. Ni kuwa na miƙe na rangaɗa guɗa a tsakar gida, ni kaɗai, saboda ƙarni. Ban taɓa murnar wari irin ta ranar ba. Malama ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko an kawo lefe ne. Na ce mata ta zagayo ta ga aikin hannunta.

Na ɗebo wani farcen na wanke da kaina da lemun tsami, na soya shi har ya yi yadda nake so. Na tsaya a kan tukunyar nan ina shaƙa ina ƙarawa, ba wanda na bari ya sa mini hannu. Turaren da na ɓoye shekaru ina cewa ba na sayarwa ba ne, duk na juye. Da hayaƙin gwaji ya tashi, Yaya ta shaƙa, ta ce, “Kin ci gari.” A bakin Yaya wannan babbar magana ce.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, gwaggwanninta suka shigo da ita ɗakina ta yi mini ban kwana. Ta durƙusa a gabana cikin lulluɓi tana kuka. Mata sun cika ɗakin, kowa na kallon bakina. Na ce mata abin da ake cewa: ki yi haƙuri, ki bi mijinki, Allah ya ba da zaman lafiya. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Da suka ɗaga ta, gefen mayafinta ya shafi fuskata. Na ja numfashi har ƙasan ƙirjina. Sandal ɗin yana nan, farcen ya zauna daidai, ba abin da ya yi yawa. Duk abin da ban taɓa faɗa mata ba tun ranar da na haife ta yana jikin mayafin, kuma da shi za ta shiga ɗakinta. Suka fita da ita, motoci suka tashi, ni kuwa na zauna a bakin gado ina shaƙar abin da ta bari a ɗakin.