Kabewar da Inna Ta Shuka a Doha

Ni mutum ne mai son abu ya bi layi. A unguwar West Bay ta birnin Doha, inda nake shugabantar masu gyaran na'urorin sanyi na wani dogon bene, kowa ya san dokata: a kashe wuta tukuna, a buɗe, a duba, sannan a taɓa. A gida ma haka nake. Takalma a bakin ƙofa, ƙanana a gaba, manya a baya. Saboda haka da mahaifiyata ta zo Doha taya matata zaman jego, na tsara mata komai tun ranar da ta sauka: ga ɗakinki, ga gabas, ga maɓallin da ba a taɓawa. Ta saurara har na gama. Sannan ta kwance haɓar zanenta, ta fito da 'ya'yan kabewa, ta ce, "To, ina ƙasa?"

A wata unguwa da ake kira Matar Ƙadim muke zaune, a wani tsohon gida da aka rarraba ana haya. Tsakar gidan duk siminti ne, in ban da ɗan fili a gindin wata kurna, wadda mutanen nan suke kira sidra. Da Inna ta ga kurnar sai ta tsaya ta gaishe ta kamar ta haɗu da 'yar garinsu a kasuwa. A nan ta yi shukarta. Zafi ya fara raguwa a lokacin, domin sa'ad da ake girbi a gida, a nan sannan ake shuka. Ta kafa bokiti a ƙarƙashin bututun da na'urar sanyi take ɗiga, ta haɗa da ruwan alwala, kullum safe da yamma tana ban ruwa.

Sai na faɗi asalin Inna kafin a gane sauran. Mahaifinta Bamaguje ne, kuma shi ne mai kula da dutsen da ke bayan ƙauyensu, inda akwai wata tsohuwar tsamiya da ba a saran ko reshenta, ba a kuma zuwa gindinta da takalmi. Duk shekara idan kabewa ta nuna, ba mai yanka tasa sai ranar shan kabewa. A taru a gindin tsamiyar, a kaɗa garaya, babba ya yanka ta farko, a dafa, a ajiye wa wurin rabonsa, sannan kowa ya ci. Inna ta musulunta tun kafin aurenta, kuma ta fi ni saurin tashi sallar asuba. Amma ban taɓa ganin ta ɗanɗana kabewar gona kafin a buɗe ta ba.

Ta kanti kuwa tana ci. Matata ta taɓa tsokanarta a kan haka, ta ce, "Inna, wannan fa ba wanda ya buɗe ta."

"'Yar nan, wannan ai ba ta da gari, ba ta da shekara. Ku a nan komai yana kanti kullum. Abin da ba a jira shi ba, yaushe za a gode masa?"

Shukar ta yi yaɗo har ta hau katanga, ta yi fure da yawa, amma ɗa ɗaya tak ta riƙe. Ɗayan nan kuwa ya yi girma kamar tulu. 'Yan haya suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Maƙwabciyarmu, wata nas Kirista daga wajen Jos, duk ta dawo daga aiki sai ta leƙo ta ce, "Mama, yaushe za mu sha taushe?" Inna ta ce, "Sai an buɗe."

Bizarta ta kusa ƙarewa, na riga na sayi tikitin komawa, sai wata rana bayan la'asar ta kira ni.

"Malam," ta ce. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Idan ta ce Malam, to akwai magana, kuma akwai zolaya a ciki. "Kabewa ta nuna. Kai ne babba a gidan nan. Kai za ka yanka, kuma kai za ka kai wa kurna nata."

"Inna, yanka zan yanka. Amma kai wa itace abinci, wannan ba da ni ba. Itace ba ya ci, ba ya sha."

"Wa ya ce maka yana ci? Ka taɓa ganin bakinsa?"

"To don me?"

"Don haka ake yi."

Na ce haka ake yi ba hujja ba ce. Matata tana daga kicin ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ita ma da ta tambayi dalilin jera takalma, amsar da na ba ta ke nan. Na ce mata ba da ita ake magana ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To a bar ta. In na tafi ku jefar." Daga ranar ta daina ban ruwa, ta shiga haɗa kaya, hira ta ɗauke a gidan. Abin ya dame ni. Tsohuwa ce, tafiyar da nisa, ban san yaushe za mu sake zama wuri ɗaya ba. Ban so ta hau jirgi da wannan a ranta. Amma ban kuma so in aikata abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba.

Sai na yi abin da na saba yi idan na'ura ta gagare ni: na buɗe ta ɗaya bayan ɗaya. Na same ta tana ninke zannuwa, na durƙusa na ce, "Inna, idan kakanmu ya ajiye ƙwaryar kabewar a gindin tsamiya, me yake cewa?"

Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta ce, "Cewa yake, mun ga ta bana, wanda ya ba mu ya kai mu ta baɗi. Ga na baƙo, ga na tsuntsu, ga na waɗanda suka riga mu."

"To mu bi a hankali. Godiya ga wanda ya bayar, na yarda. Baƙo, na yarda. Tsuntsu, na yarda. Waɗanda suka riga mu kuwa, addu'a ce ke isa gare su, ba miya ba. Zan ajiye, amma zan faɗa da bakina cewa sadaka ce."

"Kai ko a lahira sai ka sa mutane layi," in ji ta. Amma na ga murmushi ya motsa bakinta. "Faɗi abin da ka ga dama. Kai dai ka cire takalmi."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na yi bisimilla na yanka, cikinta jawur. Matata ta haɗa taushe da gyaɗa da yakuwa, aka tuƙa tuwon shinkafa. Nas ɗin ta kawo lemo, ta ce a garinsu ma kakanta ba ya barin a taɓa sabuwar acca sai an yi irin wannan, yanzu kuwa coci suke kai ta farko. Inna ta kife wani kwano tana kaɗawa da yatsu, tana rera abin da ta tuna na garaya, jaririn yana cinyarta yana zare ido.

Na zuba tuwo da miya a kwano na nufi kurna. Na cire takalmin, domin Inna ta koma ban ruwa, ƙasar wurin a jiƙe take. Na ajiye, na faɗi abin da na ce zan faɗa, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ba wanda ya sa hannu a abinci sai da na dawo na zauna.

Muna cikin ci sai ga mai kawo mana tukunyar gas, wani mutumin Nepal, ya sauke kayansa ya raɓa inuwar kurna yana share gumi. Ya ga kwanon, ya dube mu. Nas ta yi masa alama da hannu ta ce, "Yalla, ci!" Ya zauna ya cinye tas, yaji yana sa shi hawaye, yana ɗaga mana babban yatsa. Kyanwoyin unguwa suka lashe sauran.

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Ka gani? An karɓa."

"Mai gas ne ya ci, Inna."

"Na ce maka an karɓa. Na ce maka ga wanda ya karɓa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta miƙa wa matata kwanonta a ƙara mata tuwo, ta ce miyar ta yi, sai dai gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ranar tafiyarta kuwa, tun daga ƙofar gida har filin jirgi bakinta bai rufu ba, tana ba ni labarin wata shekara da akuyar kakanmu ta riga kowa buɗe kabewa, aka rasa yadda za a yi da ita.