Kawu Mele, Majefin Kafur

Ku da kuka sha shayi da Kawu Mele kun sani, ba ya jefa sukari a kofi sai ya ɗaga ƙwayar a hasken rana, ya kara ta a kunne, ya ce, "Rawa take!" Kafin ya gama shayin kowa ya huce. Ni Yagana, ɗiyar ƙanwarsa, aji uku na yi a lakkol, amma ban taɓa jin sukari ya yi ko tari ba.

Shekara shida ya yi Faransa, ya dawo ya koyar a lise, wato sakandare, ƴan makaranta suka sa mishi Mushe Kafur, wato Malam Kafur da Faransanci. Wai aikinsa can shi ne harbin kafur da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, nutron. Ya ce kafur da sukari dangin gawayi ne, ƴaƴan cikinsu sun jeru sahu-sahu kamar masallata, sai dai kowane yana kyarma yana juyi.

"To ya aka yi ka gani, Yaya?" in ji Inna, tana sheƙar tattasai a bakin kogin Komadugu.

 Ya tsinci tsakuwa ya jefi faifanta. Tsakuwa ta yi tsalle ta sami kunnen jaki.

"Kin gani? Da faifan a tsaye yake da ta dawo mini. Inda ta faɗa, da ƙarfin da ta tafi da shi, su za su gaya miki irin rawar da faifai yake."

Inna ta yi atishawa ta ce, "Wannan ka yi shekara shida? Mahaukacin kasuwar Geskeru kullum yana yi, kuma ba a ba shi takarda ba."

Lokacin ina da cikina na biyu. Ɗana na fari kwana tara ya yi duniya, idonsa ya yi rawaya, ya koma. Kawu yana aiki Damagaram a shekarar. Saboda haka komai tsoro yake ba ni, har inuwata. Na dinka kayan jariri, na jera a akwati, na zuba kafur kamar yadda na yi wancan karon, kada kyankyaso ya taɓa. Sai na lura kafur ɗin yana ƙanƙancewa. Na fara harara maƙwabciyata Madam Selestin, matar ɗan duwan, wato ɗan kwastan, don ita kaɗai ke shiga ɗakina. Kai, har gaisuwa na rage mata!

Na kai ƙara wurin Kawu. Ya yi dariya sai da hularsa ta faɗi.

"Yagana, in kin buɗe akwatin, me kike ji?"

"Ƙamshi."

"To ɓarawon nan a hancinki yake. Ƴaƴan kafur ne ke rawa har su ɓalle su bi iska. Je ki ba Madam haƙuri, ke kika shaƙe abinki."

Ni ban ce mishi akwatin jariri ba ne, shi kuma bai tambaya ba.

Na haifi Ari. Kwana huɗu, na ga idonsa ya soma rawaya, ya ƙi nono.  Tsofaffi suka ce a jiƙa saiwa. Kawu ya zo barka da hantsi, ya tsaya bakin ƙofa kamar yadda maza ke yi, sai ya ɗaga hanci, ya shaƙi ƙamshin kafur. Wallahi ko sallama bai ƙarasa ba ya faɗo ɗakin jego, mata suna salati. Ya tuɓe yaron tsirara, ya watsar da kayan a tsakar gida, ya naɗe shi cikin rawaninsa.

"Yaya, ka haukace?" in ji Inna.

"Tun a Faransa! Yagana, ga babur ɗina mobilet, hau."

A asibiti sajfam, wato ungozoma, ta ce akwai jariran da kafur ke fasa musu jini, kuma sai an ƙara wa Ari jini. Aka gwada, na Kawu ya yi daidai. Ya miƙa hannu yana yi wa ma'aikata lacca a kan kyarmar ƙarfen allura. Allura ta shiga, lacca ta tsaya. Sai da aka yayyafa mishi ruwa. Da ya farfaɗo ya ce shi ba suma ya yi ba, tunani yake.

An yi suna Ari yana cikin rawanin nan, don Kawu ya hana a sa mishi komai sai an wanke an shanya sau uku.

Bayan arba'in na same shi a zaure shi kaɗai. Na daɗe ina murza bakin mayafina, sannan na ce, "Kawu, na farin nan... ni ce?"

Mutumin da ba a tambayarsa ƙarfe nawa sai ya yi awa yana bayani, yau bai yi lacca ba. Ya ce, "Ni lokotoron kafur ne, ɗiyata, ba likitan mutane ba. Kwanansa ne ya ƙare. Je ki ba wannan nono."

Ya rasu shekarar da Ari ya shiga lakkol. Har yau kowace safiya sai na buɗe idon yaron nan na duba, yana ture hannuna yana cewa ya girma.

Allah, Kawu ya rufa mini asiri a ranar da na fi bukata. Ka rufa mishi nasa, Ka yafe mishi, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.