Takardar da ke Bayan Malama

Tela na kallon baƙuwar da ta kawo masa ɗinki. Farar rigar ɗakin bincike ce a jikinta, tabarau na goshinta, ita kuwa tana ta nemansa a jaka.

"Baba, jikinka ma tela ne," in ji ta. "Idan zaren gado ya tsinke a ƙwayar halitta, sai jiki ya manna wa furotin alama: wannan ya je ya ɗinke, wancan ya lalace, a zubar. In aka yi kuskure, sai ciwon daji."

Tana juyawa, ga takarda manne a bayanta, ƙila da firjin wurin aikinsu ta jingina: "Ya lalace, a zubar."

Ga mai shara tafe da kwando. Tela bai yi boko ba, amma ya gane karatun. Wuf ya cire takardar.