Ƙofar da Babban Yatsana Ya Buɗe

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, damina biyu bayan rufin ɗakina ya rufta, lokacin da kananzir ya gagari talaka, a shekarar ne ɓarin jikin Malam ya shanye. Malam mijina ne, manomi a Masanawa, ni kuwa daga Kara aka kawo ni. Mutumin da rana ba ta taɓa riga shi gona ba, ga shi kwance, fuska ga bango. Ma'aikacin asibiti a Kabo ya ce in bai riƙa tashi zaune yana motsa yatsun nan ba, hannun zai tafi gaba ɗaya. Malam ya ce a ƙyale shi. Ni kuwa na san halinsa, in hannun ya tafi, shi ma bin sa zai yi.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Gwarzo, ita ta kawo abin. Ɗan akwatin roba ne ruwan toka, bai fi tafin hannu ba, da gilashi a sama, maɓallai a ƙasa. Gem suke ce masa. Tubala ke zubowa, kai kuma ka jera su kafin su cika. Ta ce zai motsa masa yatsu. Malam ya gwada sau biyu, tubalan suka zubo kamar ƙanƙara, kafin yatsansa ya kai maɓalli an gama. Ya tura shi ƙarƙashin tabarma, ya ce yanzu har abin wasan yara ya raina shi.

Batir a lokacin ba a zubar da shi. In ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, a ɗan cije shi, a mayar. Wani hantsi na kwaso batiran daga kan katanga zan saka. Ni ban san riƙon 'yan boko ba. Yadda nake damƙar ƙwarya in zan kankare ta, haka na damƙe shi, babban yatsana ya danne maɓallai biyu. Ina tura batir sai gilashin ya yi baƙi ƙirin, sannan ya washe. Babu tubala. Ɗigo ɗaya ne tak a tsaye, ba ya motsi sai an taɓa, kuma duk inda ya bi sai ya bar layi a bayansa, kamar garma ta wuce.

Na miƙa wa Malam, na ce, "Ga gona an ba ka, kuma ba mai korar ka."

Ya ce, "Ke dai ba kya rasa magana."

Amma ya karɓa. Gilashin nan ba ya ganuwa a duhu, dole sai da ya juyo daga bango, na jingina shi da bakin ƙofa. Ranar ya ja layi uku, gumi na zuba.

Abin da ya biyo baya shi ne, duk sanda aka cire batir sai ƙofar gonar nan ta cikin gilashi ta rufe, kuma ba mai iya buɗe ta sai ni. Surukina malamin makaranta ya gwada har ya gaji. Lokacin kuwa kowa na tambayar me ya halatta, me bai halatta ba. Ƙanin Malam ya zo ya ce abin da ba ya fitowa sai a hannun mutum ɗaya, a yi hattara da shi, gara a jefa a masai. Ban ga laifinsa ba, tsoro yake ji wa ɗan'uwansa. Na ce ya raka ni kasuwar Gwarzo wurin mai gyaran rediyo tukuna.

Mai gyaran rediyo ya sa na saka batir a gabansa sau biyu, yana kallon yatsana. Ya yi dariya, ya ce ba aljani ba ne. Masu ƙera abin ne suka sa wannan don gwada maɓallai kafin a fitar da shi, da suka gama sai suka toshe hanyar, ba su cire ba. Ya ce ya sha buɗe irinsa bai taɓa gani ba.

Na ce, "Ashe kamar zanen hula ne da mai ɗinki ta tsallake, yana nan ƙarƙashin zare."

Ya ce, "Inna, da ma ke aka ba rumfar nan."

Ƙanin Malam ya tambaya ko akwai kiɗa ko caca a ciki, aka ce babu. Shi ya riƙo mini akwatin har gida.

Kullum da safe in buɗe, Malam ya zauna ya shata gonarsa, nan dawa, nan gyaɗa, nan kan iyaka da maƙwabci. Hannun bai koma yadda yake ba, fartanya kam ta fi ƙarfinsa har abada. Amma ya ci tuwo da kansa, ya ja carbinsa, da damina ta zo aka ɗora shi a jaki zuwa gona, da hannun nan ya nuna inda za a shuka me. Damina shida ya ƙara.

Cikin waɗanda suka ga wannan, Malam da ƙaninsa da surukina duk sun riga mu gidan gaskiya. Mai gyaran rediyo yana nan, ido ya tafi. Sai 'yata, sai ni.